Yadda Ake Yinin Zagayen Tsohon Birnin Istanbul a Ƙafa Cikin Natsuwa

Istanbul birni ne mai mutane sama da miliyan 15, wanda ya shimfiɗu a kan nahiyoyi biyu, Turai da Asiya, don haka duk wanda ya ɗaura niyyar ganinsa gaba ɗaya a yini guda ba zai kwashi komai ba sai gajiya da ciwon ƙafa. Abin da ya sauƙaƙa wa baƙo shi ne mafi yawan gine-ginen da ake zuwa dominsu sun taru a wuri guda, a tsohon birni, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1985. Hanyar da za a bayyana a nan ba ta wuce kilomita 5 zuwa 6 ba, wato tafiyar da mai sauri zai gama cikin awa ɗaya da rabi, amma manufarmu ita ce a baje ta tun daga hantsi har faɗuwar rana, a bar lokutan salla su raba ta kashi-kashi, a kuma tsara ta yadda hawan tudu zai zo da wuri, gangara ta zo a lokacin da ƙafa ta fara nauyi.

Mataki na farko: zaɓen rana da shirin daren jajibiri

Ba kowace rana ce ta dace da wannan zagaye ba. Ranar Lahadi babbar kasuwar rufi, wadda Turkawa ke kira Kapalicarshi, ba ta ci, kuma tana tsakiyar hanyarmu. Ranar Juma'a ana rufe manyan masallatai ga masu ziyara tun da safe har sai an sauko daga salla. Saboda haka Litinin zuwa Alhamis sun fi dacewa, Asabar kuma ta yi, sai dai cunkoso ya fi yawa. Dangane da lokacin shekara, watannin Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, su ne suka fi daɗin tafiya, domin a Yuli da Agusta zafi da gumi sukan karya mutum tun kafin azahar, a tsakiyar hunturu kuwa rana gajera ce ga ruwan sama mai sanyi.

Da daddare, kafin ka kwanta, ka duba lokutan sallar gobe na birnin ka rubuta su a takarda, domin suna sauyawa ƙwarai tsakanin bazara da hunturu, kuma a kansu za a gina yinin. Ka sauke taswirar tsohon birni a wayarka yadda za ta yi aiki ko babu intanet, ka cika cajin wayar, ka kuma karɓi katin otal ɗinka mai ɗauke da adireshi. Ka tanadi katin sufuri na Istanbulkart, wanda ake saya a kuma zuba masa kuɗi a na'urorin da ke tashoshi. Da shi kaɗai za ka shiga tiram da jirgin ƙasa da jirgin fito. Ka canza 'yan kuɗi zuwa lira, ka nemi ƙananan takardu, domin masu sayar da shayi da burodi a bakin hanya ba su cika samun canjin babbar takarda ba. Lambar neman agajin gaggawa a Turkiyya ita ce 112.

Takalmi shi ne abin da ya fi kowane kaya muhimmanci. Titunan tsohon birni daɓen duwatsu ne marasa daidaito, kuma za ka tuɓe takalmi a ƙofar kowane masallaci, don haka ka sa wanda ƙafarka ta saba da shi, mai tafin roba, mai sauƙin cirewa, tare da safa mai tsabta. Sabon takalmi, komai kyansa, a bar shi a akwati. Maza su sa wandon da ya wuce gwiwa, mata su riƙe mayafi. Jaka ƙarama ta isa: gorar ruwa, leda ta zuba takalmi, da takardun shaidarka a aljihun ciki.

Mataki na biyu: dandalin Sultan Ahmad da sassafe

Ka yi karin kumallo sosai a masauki, sannan ka hau tiram mai lamba T1 ka sauka a tashar Sultanahmet da misalin ƙarfe 8, kafin motocin ƙungiyoyin 'yan yawon buɗe ido su fara juye mutane. Ka fara da dogon filin da ke gefen masallaci, wanda shi ne filin sukuwar kekunan doki a zamanin Rumawa. A tsakiyarsa akwai dogon dutse mai tsini da aka sassaƙa a Masar domin Fir'auna Tutmosis na uku, wanda Sarki Tiyodosiyus ya sa aka kafa a nan a shekarar 390. Ka matsa kusa ka dubi gindinsa: a jikin farin dutsen da ya ɗauke shi an zana sarkin zaune da iyalansa suna kallon wasa, an kuma zana yadda aka ja dutsen da igiyoyi aka tayar da shi. Za ka lura gindin yana cikin rami, ƙasa da inda kake tsaye. Wannan zurfin shi ne yawan ƙasar da ta taru a kan filin cikin ƙarnonin da suka shuɗe. Kusa da shi akwai guntun ginshiƙin tagulla mai siffar macizai da suka nannaɗe juna, wanda aka kawo daga Delfi ta ƙasar Girka.

Daga nan ka shiga harabar Masallacin Sultan Ahmad, wanda aka fara ginawa a 1609 aka gama cikin shekaru kusan bakwai. Hasumiyoyinsa shida ne, kuma an lulluɓe bangonsa na ciki da tayil fiye da 20,000 da aka ƙera a garin Iznik, masu zanen furanni da shuɗin da ya sa Turawa ke kiransa Shuɗin Masallaci. Shiga kyauta ce. Kuskuren da akasarin baƙi ke yi a nan shi ne su shiga, su ɗaga waya, su ɗauki hoto, su fita cikin minti biyar. Ka nemi gefen ɗaya daga cikin manyan ginshiƙai huɗu da suka ɗauki ƙubba, ka zauna a kan kafet na minti goma sha biyar, ka bar idonka ya saba da hasken, sai a sannan launukan ke fitowa.

Da ka fito, Aya Sofiya na fuskantarka daga ɗaya ƙarshen lambu. Sarki Justiniyan ya gina ta a matsayin majami'a tsakanin 532 da 537, Sultan Muhammad Alfatih ya mayar da ita masallaci bayan ya ci birnin a 1453, gwamnatin Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ta mayar da ita gidan tarihi a 1934, sannan aka sake buɗe ta ga salla a watan Yulin 2020. Tun farkon 2024 an raba ƙofofi: masu ziyara daga ƙasashen waje suna yankar tikiti su hau bene, ƙasa kuma an keɓe wa masu ibada. Daga benen ne ake ganin tsofaffin zane-zanen Kiristoci na ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya, daga nan kuma za ka ga manyan faifai takwas masu ɗauke da sunan Allah da na Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na halifofi huɗu da Hasan da Husaini, waɗanda aka rubuta a ƙarni na 19. Ƙubbarta ta haura mita 55 daga ƙasa. A ganina wannan ne wurin da ya fi cancantar a ba shi awa guda cur, ko da za a rage wa wani.

Tsallaken titi kaɗan akwai mashigar Yerebatan, wata babbar matarar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da aka gina a zamanin Justiniyan, mai ginshiƙai 336 a jere cikin sahu 12. Minti arba'in sun isa. Idan ka tarar layin ya yi tsawo har ya karya kwana, ka wuce abinka ba tare da wata damuwa ba.

A nan ne ya kamata ka yi wa kanka faɗa game da Fadar Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Usmaniyya, wadda ƙofarta ke bayan Aya Sofiya. Zuciya za ta raya maka cewa tunda ga ta nan kusa, bari ka leƙa. Fadar tana da haraba huɗu da sashen iyalan sarki da ɗakin kayan amana, wato kayan tarihin da ake dangantawa da Annabi da sahabbansa, da aka kawo bayan Sultan Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517, inda ake karatun Alƙur'ani ba yankewa, kuma ba ta ganuwa a ƙasa da awa uku. Wanda ya cusa ta a wannan yini ya ɓata ta, ya kuma ɓata sauran zagayen. Ka ware mata safiyar wata rana, amma ban da Talata, domin ranar a rufe take.

Mataki na uku: titin Diwan zuwa kasuwa

Kafin ka ci gaba ka zauna ka sha shayi. Ana kawo shi ja, ba madara, a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, da sukari a gefe. Idan kana jin yunwa ka sayi simit, zagayayyen burodi mai riɗi da ake sayarwa a jajayen amalanke. Sannan ka bi titin Divan Yolu, wanda layin tiram ke bi, ka nufi yamma. Hawa ne mai sauƙi na kamar rubu'in awa, kuma wannan titi shi ne babbar hanyar birnin tun zamanin Rumawa. Za ka iso wani tsohon ginshiƙi mai duhun launi da aka ɗaure da zobban ƙarfe, Cemberlitash, wanda aka kafa a 330 lokacin da Sarki Kustantin ya mayar da birnin hedikwatarsa. A nan za ka karya dama, ka ratsa harabar Masallacin Nuruosmaniye da aka gama a 1755, sai ga ka a ɗaya daga cikin manyan ƙofofin kasuwa.

Kasuwar ta samo asali ne daga zamanin Alfatih, kuma a yau tana da tituna kusan 60 da shaguna wajen 4,000 a ƙarƙashin rufi guda. Ɓacewa a cikinta ba wuya, amma akwai dabara: daga wannan ƙofa babban titin masu zinariya ya miƙe sak har ƙofar Beyazit da ke ɗaya ƙarshen. Ka riƙe shi a matsayin ƙashin bayan tafiyarka, ka riƙa shiga lungunan dama kana dawowa kansa. Ban ba da shawarar a yi sayayya mai nauyi a wannan rana ba, saboda duk abin da ka saya kai za ka yi dakonsa har dare, ga shi kuma ciniki a nan yana son lokaci. Idan wani abu ya shiga ranka, ka tambayi kuɗinsa a shaguna biyu ko uku, ka karɓi katin wanda ya fi kwanta maka, ka dawo wata rana. Mai shago zai iya miƙo maka shayi. Karɓarsa ba ta wajabta maka saye ba, amma idan ka san ba ka da niyya, ɗora hannu a ƙirji tare da murmushi ya isa ya sallame ka.

Akwai dabaru biyu da ake yi wa baƙi a wannan yanki da ya kamata ka sani. Ta farko, wani zai tare ka da fara'a ya ce masallacin da ka nufa a rufe yake, ya yi tayin raka ka wani wuri, ƙarshenta ka tsinci kanka a shagon darduma. Ta biyu, mai gyaran takalmi zai wuce ta gabanka ya yar da buroshi kamar bai sani ba, idan ka tsinta ka ba shi sai ya dage sai ya goge maka takalmi don godiya, daga baya ya tsuga maka kuɗi. Maganin duka biyun ɗaya ne, wato ka gode ka ci gaba da tafiya. A cikin tiram da cunkoson kasuwa kuwa, ka dawo da jakarka gaba.

Mataki na huɗu: azahar a Sulaimaniyya

Ka fita ta ɓangaren Beyazit, ka ratsa 'yar kasuwar masu littattafai da ake kira Sahaflar, ka faɗa dandalin da babbar ƙofar Jami'ar Istanbul ke kallo. Daga nan ka bi jikin katangar jami'ar zuwa arewa. Cikin minti goma sha biyar za ka iso Masallacin Sulaimaniyya. Ka yi ƙoƙari isowarka ta zo daidai da kiran azahar, domin a nan ne za a yi dogon hutun yinin.

Gwanin magina Mimar Sinan ne ya gina shi wa Sultan Sulaiman Alkanuni tsakanin 1550 da 1557, a kan ɗaya daga cikin tuddai bakwai na tsohon birni. Hasumiyoyinsa huɗu ne masu baranda goma, kuma bayanin da aka saba yi shi ne Sulaiman ne sarki na huɗu tun bayan cin birnin, na goma kuma a jerin sarakunan Usmaniyya. Ba shi da yawan ado irin na Sultan Ahmad, amma a wajena ya fi shi kwarjini, saboda faɗinsa da haskensa da ƙarancin hayaniya. Idan ka ɗaga kai wajen fitilun da ke rataye, za ka hangi wasu ƙwallaye masu duhu a tsakaninsu: ƙwan jimina ne, waɗanda aka ce an rataye su don korar gizo-gizo. A saman babbar ƙofa kuma akwai wani ɗaki da aka tsara iska ta riƙa kai masa hayaƙin fitilun mai, a tattara baƙin a yi tawada da shi.

Famfunan alwala suna jere a jikin bangon masallacin ta waje, da kujerun dutse a gabansu. Makewayi yana cikin haraba. Inda aka rubuta Bay ko Erkek na maza ne, Bayan ko Kadin na mata. Bayan salla ka zaga ta alƙibla, inda hubbaren Sulaiman da na matarsa Hurrem suke a tsakiyar maƙabarta, sannan ka fita lambun da ke kallon ruwa. Daga bakin katangarsa za ka ga mashigin Halic, reshen tekun da ya raba tsohon birni da unguwar Galata, a ƙasa, da hasumiyar Galata a tsallake, da mashigin Bosforus da jiragen ruwa ke ratsawa, da gaɓar Asiya can nesa. Wannan kallo kyauta ne, kuma a nan za ka ga sauran hanyarka a shimfiɗe a gabanka. Kabarin Sinan kansa yana wata kusurwa a wajen katanga, ƙarami ne ƙwarai, mai sauri ba zai ma lura da shi ba.

Abincin rana yana nan kusa. A jerin tsofaffin ɗakunan da ke fuskantar masallacin akwai gidajen abinci da suka shahara da kuru fasulye, wato farin wake da aka dafa da tumatir da man shanu, ana ci da shinkafa, a kora da ayran, nono mai ɗan gishiri. Ka dubi farashi a takardar abinci kafin ka yi oda. Ka ci a hankali, ka ƙara da shayi, kada ka tashi sai ka ji ƙafafunka sun dawo daidai.

Mataki na biyar: gangara zuwa bakin ruwa

Daga nan sauran tafiyar duk gangara ce. Ka sauka ta lungunan Tahtakale, unguwar 'yan kasuwa inda mutanen gari ke sayen kayan kicin da kayan wasan yara da kwanduna, kana kauce wa 'yan dako da amalankensu. A tsakiyar wannan hayaniya Masallacin Rustam Pasha yake, shi ma aikin Sinan ne, kuma an gina shi a bisa shaguna, shi ya sa mutane da yawa ke wuce shi ba su sani ba. Ka nemi wata ƙaramar ƙofa mai matattakala mai duhu, ka hau. Tayil ɗin Iznik da ke nan ya sauko har daidai ido, ba kamar na Sultan Ahmad da yawancinsa ke can sama ba, don haka za ka iya tsayawa dab da bango ka ga yadda jan launin ya ɗan taso a kan farin, har yana da tudu. Idan la'asar ta yi, nan ne wurin yinta.

Titin da ke ƙarƙashin masallacin zai kai ka ƙofar Kasuwar Masar, inda ƙamshin gahawa da ake niƙawa zai tarbe ka tun kafin ka iso. An gina wannan kasuwa a shekarun 1660 domin kuɗin hayarta su riƙa ɗaukar nauyin Yeni Jami, masallacin da ke gefenta. Ƙarama ce, minti ashirin sun isa a ratsa ta a ga tulin kayan yaji da busassun 'ya'yan itatuwa da alewar lokum. Daga ɗaya ƙofar za ka fito dandalin Eminonu, gadar Galata na gabanka.

Ka hau gadar ta sama, inda masu fatsa ke jere a kan dogon ƙarfen gefe da bokitansu, ka je tsakiya ka juyo ka dubi inda ka fito: Sulaimaniyya a kan tudunta, Aya Sofiya da Topkapi ta hagu. Wanda har yanzu yake da ƙarfi zai iya ƙarasawa tsallake ya hau zuwa hasumiyar Galata, wadda mutanen Jenowa ta ƙasar Italiya suka gina a 1348, ko ya shiga Tunel, ɗan gajeren jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke aiki tun 1875, ya kai shi saman tudu. Amma hawan yana da tsayi, layin hasumiyar kuma yakan yi tsawo da yamma, saboda haka ga mai son yini na natsuwa, gara ya juyo.

Mataki na shida: tsallakawa Asiya da komawa masauki

Kimanin awa ɗaya da rabi kafin magariba, ka nemi tashar jirgin fito mai zuwa Uskudar, wadda ke gabas da bakin gadar. An rubuta sunan kowace tasha da manyan baƙaƙe a samanta. Ka ɗora Istanbulkart a kan na'urar ƙofa ka shiga. Tsallakawar ba ta wuce minti ashirin ba, kuma kuɗinta na sufurin gari ne, ba irin na jiragen 'yan yawon buɗe ido da masu tallarsu za su riƙa kiranka a bakin ruwa ba. Ka nemi kujera a waje ta bayan jirgi, ka riƙe rigar sanyi a kusa domin iskar mashigin tana da kaifi ko da a bazara.

Da ka sauka, Masallacin Mihrimah, 'yar Sultan Sulaiman, yana daura da tashar. Ka bi bakin ruwa ta hannun dama na kamar minti ashirin har ka zo daidai Kiz Kulesi, 'yar hasumiyar da ke kan tsibiri a cikin ruwa. Daga wannan gaɓa rana tana faɗuwa ne a bayan tsohon birni, don haka ƙubbobi da hasumiyoyin da ka yini a cikinsu za su fito a jere a gabanka. Ka zauna har a kira magariba, ka yi salla a ɗaya daga cikin masallatan bakin ruwa, ka ci abincin dare a cikin kasuwar Uskudar idan ka ga dama.

Wajen komawa kana da zaɓi biyu. Ko ka sake hawa jirgin fito zuwa Eminonu, in ka duba allon tashar tun lokacin da ka sauka ka san jirgin ƙarshe, ko ka shiga Marmaray, jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin Bosforus tun 2013, wanda tasharsa ke dab da ta jiragen ruwa. Tasha ɗaya ce tak daga Uskudar zuwa Sirkeci, daga can kuma tiram T1 zai mayar da kai Sultanahmet ko duk inda ka hau da safe. Ka duba ragowar kuɗin katinka kafin ka shiga layi, domin kowace shiga ana cire nata kuɗin daban.